Maganin Janye Guba Daga Jinin Yara: Inda Yake Ceto da Inda Yake Kisa

A unguwa irin Gidan Dahala da ke cikin birnin Sakkwato, idan yaro ya cika shekara uku bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwaye, nan da nan gida kan cika da masu ba da shawara. Kaka za ta ce, "Ki ƙyale shi, 'yar nan, ubansa ma sai da aka yi masa ƙane bakinsa ya buɗe." Gwaggo za ta ce iska ce, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Maƙwabciya za ta rage murya ta ambaci ɗan ruwa. Uwa kuwa kowa ya faɗi tasa tana ji, tana gwada abin da ƙarfinta ya kai, domin ita ke kwana da yaron, ita ke tashi da shi.

A 'yan shekarun nan an sami ƙarin mai ba da shawara, wato wayar hannu. Saƙonni da hotunan bidiyo suna yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa galahanga, musamman irin wadda likitoci ke kira otizim, da jinkirin magana, da rashin natsuwa, duk guba ce ta taru a jikin yaro. A cewarsu dalma ce ko zaiba, kuma da zarar an janye ta yaro zai dawo daidai. Daga nan sai talla ta biyo baya: ga ƙwaya, ga gari, ga ruwan ɗigawa, ga yumɓun wanka, a turo kuɗi a aiko.

Abin da ya sa wannan magana ke shiga rai shi ne akwai gaskiya a gindinta. Lallai akwai maganin da ke janye dalma daga jini, likitoci na ce wa aikin kileshan. Kuma wurin da aka fi ko'ina yin amfani da shi a kan ƙananan yara a wannan zamani ba shi da nisa da Sakkwato. Zamfara ce, wadda har zuwa 1996 jiha ɗaya suke da Sakkwato. Duk mai son sanin abin da maganin nan ke iyawa da abin da ba ya iyawa, can ya kamata ya fara dubawa.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sun lura agwaginsu na ƙarewa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sai taune-taune, sai suma, kafin a ankara an rasa shi. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da sabbin ƙananan kaburbura masu yawan da ya wuce hankali. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka aika jini waje aka auna sannan aka gano dalma ce.

Musabbabin abin kuwa neman halali ne. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa, kuma dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Maza na kawo shi gida a buhu. Mata na farfasa shi, a daka a turmin da ake dakan hatsi, a niƙa a injin niƙan gari, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi bango, ta bi tabarma, ta bi kwanon abinci, ta kwanta a ƙasar da jarirai ke rarrafe suna tsotsar yatsa.

A watan Mayu masu bincike daga hukumar CDC ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Najeriya, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai mizanin da ake bukatar magani cikin gaggawa. Ƙaramar na'urar awon da ake yawo da ita ba ta iya karanta dalmar da ta haura maikirogiram 65 a desilita ta jini, kuma yara da yawa sun wuce nan, sai dai ta nuna cewa abin ya yi sama kawai. Dole aka riƙa tsarma jinin kafin a sami lamba. A wasu gidajen, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin 400 ne iyakar da Amurka ta yarda da ita a wurin wasan yara. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400.

Sunayen ƙauyukan sun zaga duniya: Dareta, Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke, Duza, da babbarsu Bagega.

Yadda maganin ke aiki

Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, ko ƙanƙani. Idan ta shiga, jiki kan ɗauke ta a matsayin sinadarin kalsiyam ko na ƙarfe, ya kai ta ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ya ajiye mafi yawanta a ƙashi da haƙori, inda take iya zama shekaru gommai. Hanjin ƙaramin yaro na tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa, kuma yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin jini ya fi kowa tsotsa. Ana auna ta da maikirogiram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a fara neman inda dalmar ke fitowa a toshe. Daga 45 ne ake maganar ba yaro maganin janyewa.

Maganin wani sinadari ne da ke bin jini, ya damƙe dalma, su fita tare ta fitsari. Iri-iri ne. Akwai dimakafurol, wanda masana a Okisfod ta Ingila suka haɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda tsoron iskar guba, allurarsa ake yi a tsoka. Akwai EDTA mai haɗe da kalsiyam, da ake sawa a ƙarin ruwa. Sai kuma sakisima, ko DMSA, wanda Amurka ta amince a ba yara a 1991, shi ne ake sha ta baki. Kafso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, cikinsa ƙananan ƙwayoyi ne, ana buɗe shi a zuba a ɗan abinci ga yaron da ba ya iya haɗiya. Yadda aka saba, sau uku a rana na kwana 5, sannan sau biyu a rana na kwana 14, zagaye ɗaya kwana 19 ke nan.

Da wannan kafso MSF ta yi mafi yawan aikinta a Zamfara. An fara kwantar da yara da iyayensu mata a asibitocin Bukkuyum da Anka, daga baya aka koma bayarwa a cikin ƙauyuka. Mace-macen suka ragu ƙwarai. Lokacin da ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, ta auna yara fiye da 8,000, fiye da 3,500 daga cikinsu sun sha maganin.

Sai dai akwai abubuwa uku da likitocin ba su taɓa wasa da su ba, kuma su ne masu tallan intanet ba sa ambata.

Na farko, ba a ba yaro magani sai an ga lambar jininsa. Na biyu, ana bibiyarsa da awo, domin maganin na iya taɓa hanta, ya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ya kawo ƙuraje ko amai, kuma yana tafiya da wasu ma'adinan da jiki ke bukata, irin su zinki. Bayan an gama zagaye, dalmar da ke ɓoye a ƙashi kan sake zubowa cikin jini, shi ya sa wasu yaran suka yi zagaye da yawa. Na uku shi ne mafi nauyi: sai an tsabtace gari. Ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙurar ke nan daidai yake da kwasar ruwa daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Saboda haka kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka bi gida-gida suna kankare saman ƙasa, a kwashe a binne a rami, a zubo sabuwa.

Bagega ta ɗanɗana ɗacin wannan sharaɗi. Kuɗin tsabtace ta ya maƙale, yaranta suka zauna jira, likitoci na kallo ba halin fara magani. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasa irin su Hamzat Lawal suka matsa lamba, gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin, sannan magani ya shiga garin. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan masifa ta faɗa wa yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Iyakar abin da yake iyawa

Ga tambayar da ke ran kowace uwa: idan an janye dalmar, ƙwaƙwalwar yaro za ta dawo?

An gwada wannan a Amurka da kyau. Masu bincike sun ɗauki yara 780, 'yan wata 12 zuwa 33, waɗanda dalmar jininsu ke tsakanin 20 da 44. Rabi aka ba su sakisima, rabi aka ba su kafso marar magani, ba tare da iyaye ko masu gwaji sun san wa ya sha me ba. Sakamakon ya fito a 2001. Lambar jinin waɗanda suka sha magani ta sauka da sauri, amma bayan shekara uku, da aka gwada kaifin basira da ɗabi'a, ba su fi sauran da komai ba. Aka sake gwada su suna da shekara 7, haka dai abin yake.

Ma'anar wannan a fili take. Maganin na hana mutuwa da kumburin ƙwaƙwalwa ga yaron da dalma ta yi wa katutu, amma ɓarnar da ta riga ta auku ba ya gyara ta. To idan haka yake ga yaron da aka tabbatar akwai dalma a jininsa, me ake tsammani daga gare shi a jikin yaron da ba shi da ita?

Yadda aka jingina shi ga galahanga

Labarin ya samo asali ne daga Ingila da Amurka. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet yana alaƙanta otizim da allurar rigakafin ƙyanda. Daga baya aka gano rahoton cike yake da maguɗi, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. A daidai wannan tsakani wasu a Amurka suka ɗora laifin a kan wani sinadari mai ɗauke da zaiba da ake sawa a wasu alluran don kada su lalace. Denmak ta daina amfani da sinadarin tun 1992, Amurka ta cire shi daga alluran ƙananan yara wajen 2001, amma adadin yaran da ake ganowa da otizim bai daina hawa ba. A 2004 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta tattara binciken da aka yi, ta ce babu alaƙa. Mutanen Arewa, da suka ga yadda shan inna ta sake bazuwa bayan dakatar da rigakafi a 2003, sun san tsadar irin wannan jita-jita.

Duk da haka kasuwa ta riga ta buɗe. Iyaye da dama, cikin tsananin son 'ya'yansu, suka riƙa kai su wurin masu janye zaiba.

A watan Agusta na 2005 aka kai wani yaro ɗan shekara 5 mai otizim wani ɗakin likita a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Iyalinsa daga Ingila suka taso saboda wannan magani. Aka ɗura masa EDTA ta jijiya, amma irin wanda ba a haɗa shi da kalsiyam ba. Irin wannan, da ya shiga jini, kalsiyam ɗin jiki yake damƙewa, shi kuwa kalsiyam da shi zuciya ke bugawa. Zuciyar yaron ta tsaya, ya rasu a ranar. A 2006 hukumar CDC ta ba da rahotonsa tare da wasu mutum biyu da suka rasu ta wannan hanya: wata yarinya 'yar shekara 2 a Tekzas, wadda aka yi kuskuren ba ta wannan nau'i a asibiti, da wata mata mai shekara 53 a Oregon. Sunayen magungunan biyu kusan ɗaya ne, bambancinsu kuwa rai da mutuwa.

Shi ma na sha ba a bar shi a baya ba. A 2007 masana a jami'ar Kwanel suka ba ɓeraye sakisima. Waɗanda ke da dalma sun sami sauƙi. Waɗanda ba su da ita kuwa, maganin ya bar musu naƙasu mai ɗorewa wajen koyo da natsuwa. Wannan sakamako na cikin dalilan da suka sa hukumar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta soke gwajin da ta shirya yi a kan yara masu otizim a 2008. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta duba abin da ke akwai, ba ta sami hujjar cewa kileshan na taimakon otizim ba, ta kuma yi gargaɗi kan haɗarinsa.

Hanyoyin da ake kira "na gargajiya" ko "marasa illa"

Da labarin haɗarin allura ya bazu, sai masu sayarwa suka sauya salo. Suka ce nasu mai sauƙi ne, daga tsirrai yake, a gida ake yi.

Wasu na sayar da ganyen koriyanda da wani gansakuka mai suna kulorela. Wasu garin dutsen ziyolait. Wasu yumɓu na wanka ko na sha, wasu man shafawa, wasu filastar da ake mannawa a tafin ƙafa a kwana, da safe a ga ta yi baƙi a ce guba ce ta fito, alhali gumi ne ya jiƙa garin da ke cikinta, ko ruwa aka ɗiga mata haka za ta yi. Akwai masu koya wa iyaye tayar da yaro cikin dare kowane awa uku ko huɗu a ba shi ƙwaya, mako bayan mako. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka tabbatar a gwajin yara cewa yana gyara magana ko fahimta. A watan Oktoba na 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi kamfanoni takwas masu sayar da irin waɗannan kaya ba da takardar likita ba. A 2016 ta sake gargaɗi kan wasu nau'o'in yumɓun da ake sayarwa don tsarkake jiki, saboda an auna an sami dalma mai yawa a cikinsu. Wato mai neman fitar da dalma ya saya wa ɗansa dalma da kuɗinsa. Mafi muni shi ne ruwan da ake kira MMS, wanda a zahiri sinadarin bilicin ne, yana ƙona hanji, kuma FDA ta yi gargaɗi a kansa tun 2010, ta maimaita a 2019.

A gida ma akwai namu: madara, manja, gawayi, tafarnuwa, zogale, habbatus sauda. Abinci mai kyau na da rawar da yake takawa, domin yaron da ya ƙoshi, mai isasshen kalsiyam da sinadarin ƙarfe, ba ya tsotsar dalma kamar mayunwaci. Nono da wake da ƙwai da ganye suna da amfani ta wannan fuska. Amma ba sa fitar da dalmar da ta riga ta shiga. Gawayi, ko na asibiti ne, ba ya kama dalma. Farar ƙasar da wasu masu juna biyu ke ci kuwa tana iya zama hanyar shigarta, ta ratsa har ga ɗan da ke ciki.

Dabarar da ta fi yaudarar iyaye ita ce ta gwajin fitsari. Za a ba yaro maganin janyewa tukuna, sannan a tara fitsarinsa a auna, a kwatanta da mizanin mutanen da ba su sha komai ba. Kowane ɗan Adam na da ɗan ɓurɓushin waɗannan ƙarafa a jikinsa, don haka kowa aka yi wa haka lambarsa za ta hau. Sai a miƙo takarda mai jan layi a ce, "Hajiya, kin gani da idonki." Ƙungiyar likitocin guba ta Amurka ta yi watsi da wannan gwaji tun 2009. Gwajin gashi ma ba abin dogaro ba ne, domin ƙura da sabulu da man kitso duk suna sauya sakamakonsa. Awon da ake yanke hukunci da shi ɗaya ne: jinin da aka ɗiba daga jijiya.

Wani zai ce ai ya ga yaron da aka ba irin waɗannan magunguna ya sami sauƙi. Yara masu galahanga suna girma, suna koyo, wani a hankali, wani da tsalle. Yaron da ya shekara yana shan gari, a shekarar nan ya ƙara wayo, uwarsa ta ƙara zama da shi, wataƙila an sa shi makaranta. Idan ya furta kalma, garin ne ke karɓar yabo.

Dalmar da ke kusa da gida

Duk wannan ba ya nufin mutanen Sakkwato su saki jiki. A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai 5 ko fiye. A wannan mataki yaro ba ya suma, ba ya taune-taune, sai dai a ga karatu na yi masa wuya, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2024 ma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da wata cuta a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, inda cikin yara ke kumbura da ruwa. Zuwa watan Afrilu an lissafa mutum 164, huɗu sun rasu, kuma gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasunsu.

A cikin birni hanyoyin shigarta sanannu ne. Na farko tozali. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da suka bi sawu sai suka tarar tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri na murza ido, ya kai hannu baki. Al'adar ranɓaɗa wa jinjiri kwalli tun ranar suna tana da daɗin gani, amma wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙin toshewa, kuma toshe ta ba ya cin ko kwabo.

Sai wuraren fasa tsofaffin batiran mota da narka su, da tsohon fenti mai ɓarewa, da tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa, waɗanda bincike a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci. Sai kuma maigidan da ya dawo daga wurin haƙar zinariya da kayan aikinsa a jiki, yara suka ruga suka rungume shi. Ya kamata ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, a kuma wanke kayan daban.

Abin da ya fi dacewa iyaye su yi

Yaron da ya yi jinkirin zama, ko tafiya, ko magana, likitan yara ya kamata ya fara gani. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. A wannan yanki, abubuwan da suka fi jawo irin wannan matsala sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa. Wani yaron kuma ba abin da ke damunsa sai rashin ji, gwajin kunne kaɗai zai warware zancen. Shi otizim, wanda aka daɗe ana ƙiyasta yana shafar kusan yaro ɗaya cikin 100, gado na da babban hannu a cikinsa. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma sakacinta ba.

Idan akwai dalilin zargin dalma, kamar sana'ar uba, ko zama kusa da masu batir, ko yaro mai yawan cin ƙasa, a gaya wa likita a nemi awon jini. Wannan na da muhimmanci ga yara masu galahanga, domin da yawansu kan daɗe suna kai komai baki. Idan lamba ta hau, a nemo mafarin a kawar. Idan ta kai ta magani, a asibiti za a yi, da awo kafin a fara da bayan an gama. Haka ake yi wa masu amosanin jini da ƙarin jini ya tara musu sinadarin ƙarfe: nasu maganin janyewar daban ne, kuma da awo ake ba su.

Duk wanda ya zo da maganin janye guba, a yi masa tambaya uku: wace guba ce, wane awon jini ya nuna ta, kuma wane likita zai bibiyi hanta da ƙodar yaron? A duba lambar NAFDAC, a kuma tuna cewa lambar rajista ba shaida ba ce ta cewa abu na warkar da galahanga.

Abin da aka tabbatar yana taimako ba ya zuwa a kwalba. Gashi da motsa gaɓoɓi ga yaron da jikinsa ya sanƙare. Maganin farfaɗiya a kan lokaci ga mai ita. Na'urar ji ga mai bukata. Koyar da magana, ko alamar hannu, ko nuni da hoto. Da kuma horar da iyaye yadda za su mayar da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa shiri na musamman. Aiki ne mai cin lokaci, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Nan ne nauyi ya koma kan hukuma. Uwar da ta je asibiti aka ce mata babu na'urar awon dalma, babu mai koyar da magana, makarantar A.A. Raji ta masu bukata ta musamman kuma ta yi mata nisa, ita ce gobe za ta tura kuɗin cefanenta ga mai tallan gari. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi da kula da lafiya. Yaran Dareta da Bagega da suka tsira yanzu sun zama samari da 'yan mata, wasunsu da makanta, wasu da shanyewar gaɓoɓi, wasu da wahalar karatu, kuma bukatarsu ɗaya ce da ta yaro mai otizim a cikin birni. Jihohin Sakkwato da Zamfara na iya farawa da abu uku da ba su fi ƙarfinsu ba: na'urar awon dalma a kowane babban asibiti, duba girman yaro da jinsa a duk ranar rigakafi, da ɗaukar malamai da masu koyar da magana aiki a makarantun gwamnati.